Ruwan Wanke Hannun Siniya

A kwalejinmu muna da wata ƙungiya, wai ta 'yan'uwantaka, amma wallahi ba abin da muka iya sai cin zalin na ƙasa da mu. Juniya ba ya zama sai siniya ya zauna, kuma shi ke zuba masa ruwan wanke hannu.

Bayan shekaru, ina injiniya a unguwar Ulaya ta birnin Riyad, na ga mu tsofaffin 'yan ƙungiyar mun yi yawa a garin. Na ce a farfaɗo da ita da sabuwar fuska: mu riƙa duba marasa lafiya, mu tsaya wa leburorinmu na unguwar Manfuha in kafili, wato ubangidansu, ya ƙi sabunta musu iƙama, takardar zaman ƙasa. Ni da bakina na ce daga yau ba siniya ba juniya. Aka tafa mini, kaina ya kumbura.

Sai dai mu 'yan ofis ko lungu ɗaya ba mu sani ba a Manfuha. Wanda ya sani, kuma leburorin ke jin maganarsa, wani direba ne da na girme shi da aji biyu. Da ƙyar na lallashe shi ya zo taronmu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka dire mana farantin shinkafa da rago. Ina ta zuba, ni sarkin surutu, sai na miƙa hannuwa gefe na ce, "Kai juniya, ruwa." Ko kallonsa ban yi ba. Hali zanen dutse! Sai da ruwan ya sauka a hannuna na ɗaga kai. Ga direban nan, dattijo da furfura a gemu, uban 'ya'ya, durƙushe da buta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ko loma bai kai ba, ya saka takalmansa ya tafi.

Sati biyu kunya ta hana ni nemansa. Da na daure na je ɗakin da suke kwana su shida, yana ganina ya miƙe zumbur.

Na ce, "Haba ɗan'uwa, zauna mana, haƙuri na zo ba ka."

Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, sai ka zauna."

Na zauna a bakin katifarsa, shi yana tsaye.

Ƙungiya tana nan, duk wata muna taro muna cin shinkafa. Har yau ba mu shiga Manfuha ba.