Turmin da Ba Hatsi

Fara ta cinye mana gero da dawa shekarar da aka haifi 'yata ta biyu. Ta sauka hatsi na ƙosawa, ta tashi ta bar kara tsaye. Daga ƙauyenmu har Malumfashi babu wanda ya ɗaure damin kirki.

Muka lallaɓa abin da ke rumbu har bazara, sannan muka koma dusa da busasshiyar tafasa. Na kai akuyata kasuwar Danja, na sayar da rigata ta saƙi. Abu ɗaya ya rage, damin irin dawa da na rataya saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari. In muka ci shi, babu shuka. Wanda bai shuka ba, gonarsa jingina take tafiya, shi kuma ya koma ƙwadago. Na ga waɗanda suka tafi haka, ba su dawo ba.

Ana cikin haka jakadan hakimi ya zo daga birni. Ya ce a buɗe rumbun zakka, a haɗa da kuɗin wuri, a riƙa bai wa gidajen da suka gaza har sabon gero ya shigo. Mai garinmu ya san mu. Ya san magidanci ya gwammace ya mutu a ɗaki da ya tsaya ƙofar fada da ƙwarya. Sai ya sa yayarsa, wata tsohuwa mai ɗingishi, ta riƙa zaga gari da la'asar tana saurare. Gidan da ba ta ji daka ba, nan za a kai. Ba a gaya wa kowa dabarar ba, don kada mai hali ya ɓoye taɓarya.

Matata kuwa kullum sai ta yi daka. Ƙaiƙayi take zubawa a turmi ta yi ta lugude, don kada maƙwabta su ce gidanmu ya mutu. Rufin asiri take yi mana. Shi ya sa aka kai wa na gabas da mu, aka kai wa na yamma, mu aka tsallake.

Ranar da nonon matata ya ɗauke, jaririya ta daina ko kuka, na taka turmi na sauko da damin iri. Ina kwance igiyar tsohuwar ta yi sallama ta shigo. Ba ta jira tabarma ba. Ta wuce ta leƙa turmi, ta ɗebo ƙaiƙayi ta hure shi.

"Ke 'yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake daka," in ji ta. "Turmi mai hatsi ba haka yake amsawa ba. Ko kazar maƙwabta ba ta leƙo ku."

Matata ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, a yi haƙuri."

Tsohuwar ta juyo kaina ta ce in mayar da damin inda na ɗauko. Na ce mata ni fitar da zakka nake yi, ba na ci.

"To dawar da ka kai bara waccan tana cikin rumbun. Zo ka tsince taka in ka gane ta."

Na sake ƙulle igiyar. Na mayar da dami.

Ita da kanta take kawowa, duk ranar kasuwa, da ɗingishinta. Hatsi a cikin tulu kamar ta ɗebo ruwa, wuri ƙulle a bakin zane. Da wurin muka sayi gishiri da daddawa, maƙeri ya gyara mini garma. Ba ta taɓa zama ba, ba ta son godiya. Har ta rasu ban ji zancen a bakin kowa ba.

Ruwa ya sauka, na shuka. Da gero ya nuna ta zo hannu wofi, ta ce an rufe rumbu, kowa ya tsaya da ƙafarsa. Daidai ne. Da kaka na kai zakkata fada da kaina.

Yanzu na tsufa, idanuna sun yi rauni. Ina gidan nan, gonar tana hannuna, 'ya'yana ke noma ta. Dawar da suke shukawa daga damin nan ta fito.