Murfin da bai kama ba

Baba Mai Murfi ya tsufa yana zuba murafan kankare, irin waɗanda ake shimfiɗawa kan lambatu mutane su tsallaka. Kuɗin ƙarfen rodi ya fi ƙarfinsa, sai ya koma tsefe tsofaffin buhuna yana yanka zaren cikin kwaɓi. Matarsa kan ce shi kaɗai ne namijin da ya fi mata iya tsifa.

Zubi biyu yake yi. Na ƙasa mai zare da yawa, don in nauyi ya hau murfi daga ƙasa yake fara tsagewa. Na sama siminti da tsakuwa zalla. Amma dole na sama ya sauka tun na ƙasa yana ɗanye, in ba haka ba ba za su kama juna ba.

Ranar da matarsa ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, ya gama zubin ƙasa ke nan. Ya jefar da cokalin gini ya kai ta asibiti. Da ya dawo zubin ƙasan ya sandare, hankalinsa kuma ba ya jikinsa, ya zuba na sama a haka. Washegari ya gane ɓarnar, ya jingine murfin a bango da niyyar fasawa. Jinya ta ɗauke masa hankali.

Ƙanin matarsa, mai son a ce ya taimaka, ya sayar da murfin.

Baba ya ga bango wayam, ya tambayi wanda ya saya. Ƙanin bai san mai sayen ba. Baba ya bi masu tura kura ɗaya bayan ɗaya, da guduma a hannu, yana roƙonsu su tuna inda suka sauke kaya. Wasu suka yi masa dariya. Ƙafafunsa sun kumbura kafin wani ya ce ƙofar makarantar yara ce, kan babban lambatun nan mai zurfi.

Ya iske murfin shimfiɗe, sumul, ya fi duk na layin kyau. Ya roƙi maigadi a ɗaga shi. Maigadi ya daddaka shi da ƙafa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya roƙi shugabar makaranta, ta ce ya dawo gobe. Ga shi an kusa tashi, yana jin hayaniyar yara a ciki. Ya san in ya fasa a gaban jama'a, babu mai ƙara sayen murfinsa.

"Baba, ka haukace ne?" in ji maigadi, ganin ya ɗaga guduma.

"Ɗana, ni na zuba shi."

Bugu ɗaya, na sama ya rabu da na ƙasa kamar ɓawon burodi. Na ƙasa ya lanƙwashe, yana reto a jikin zare. Mutane suka taru suna tambayar aikin wane maha'inci ne wannan.

Baba ya zauna a bakin ramin ya baza hannuwa, yana nuna wa yara su zagaya.