Tsanin da na ɗauko daga Argungu

Akwai wata yamma a Gwadangaji da ba za ta taɓa fita daga raina ba, kuma tsani ne sanadinta.

A lokacin ina masinja a wata ma'aikata a Birnin Kebbi, muna tashi da azahar. Na ga sababbin benaye masu tagogin gilashi suna ta tashi, babu mai wanke su, sai na yanke shawarar in riƙa yin wannan aiki da yamma. Ni ba na fara abu sai na jera kayansa. Na fara da bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. Sannan sabulu. Sannan tsumma. Na gwada tawul na ga yana barin gashi a gilashi, don haka na yanko farin alawayyo, shi ba ya barin komai. Abin da ya rage shi ne tsani.

Kawuna da ke Argungu ya ce ya taɓa hango wani a jingine a bayan gidan wani dattijo. Na je ranar Asabar. Tsanin na gwangwala ne, mara nauyi, mai faɗi, matakansa kusa da juna. Bakunansa huɗu sun yi santsi saboda kamun hannu. Na ce a raina wannan ya sha aiki bai karye ba.

Na tambayi dattijon nawa zan ba shi. Yana tsaye can nesa, ya ce, "Ɗauki abinka, ɗana. Ba a saida wagga."

Na ɗauka kyauta ce. Ban tambayi dalili ba, shi ma bai kama mini ba har na ɗora a mota.

Ranar Litinin na samu aikina na farko, gidan wani Alhaji mai sayar da shinkafa a Gwadangaji. Ya ce in na yi da kyau zai haɗa ni da duk maƙwabtansa, kuma a kan wannan layin na ɗora duk burina. Bayan la'asar na naɗe alawayyon na ɗaure a kan tsanin, na ɗora a ka. Da na shiga layin, wasu tsofaffi da ke hira a dakali suka hango ni. Ɗaya ya miƙe tsaye. Sauran ma suka miƙe. Na yi musu sallama, suka amsa ƙasa-ƙasa, idonsu ba a kaina yake ba.

A harabar gidan na shimfiɗa tsanin a ƙasa, na warware farin ƙyallen a kansa, na ajiye bokitan ruwa da sabulu a gefe, komai a wurinsa. Ina ɗagowa na ga fuska a bayan tagar ɗakin ƙasa. Mahaifin Alhaji ne, tsoho mai jinya, ya rame har idanunsa sun faɗa. Ya tura gilashin a hankali.

"Ɗana, har kun iso?"

Na ce, "Mun iso, Baba. Wanki na zo yi."

"Na gani. Kai kaɗai anka aiko?"

"Ni kaɗai na isa, Baba."

Ya daɗe yana kallon tsanin daga wannan baki zuwa wancan, kamar mai awo. Sannan ya ce, ba tare da wata damuwa ba, "Ta ishe ni. Amma ka ɗan jira, ban yi sallama da yara ba."

A nan na juya na dubi kayan nan da idonsa. Ruwa, sabulu, farin alawayyo, da abin da na kira tsani. Makara ce. Irin ta da, wadda ake ɗaukar gawa a ƙauye kafin a koma ta ƙarfe, tabarmarta ce kawai ta ruɓe ta faɗi. Ni ɗan birni ne, ta ƙarfe kaɗai na sani. 

Alhaji ya fito ya tarar da mu haka. Ya dubi kayan, ya dubi mahaifinsa. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, kwashe kayanka." Ina fita tsohon yana kira daga taga, "Kada ku kore shi, ai zai dawo."

Cikin makon nan Allah ya yi masa rasuwa. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya. Babu wanda ya zarge ni, kowa ya san ajali ne. Amma har yau babu gida ɗaya a layin nan da ya taɓa kirana wankin taga, kuma in na wuce mata kan janye 'ya'yansu cikin gida. Sai a unguwar Badariya na sake farawa, inda ba a san ni ba.

Makarar kuwa na kai ta maƙabarta da kaina, na miƙa wa mai gadi.

Tun daga ranar, duk kayan aikin da ya riga ni shiga hannun wani, ko guga ne, ba na ɗauka sai na tambayi aikin da ya yi kafin ya iso gare ni. In mai shi ya ƙi faɗa, ko ya ƙi taɓa shi da hannunsa, nan nake barinsa.