Kwaɗon da na ce na awaki ne

Muna da shekara goma sha huɗu muka yanke hukunci cewa namiji ba ya cin ganye. A ƙofar gidanmu a Goronyo muka yanke shi, mu shida. Zogale, rama, latas, duk na mata ne da awaki. Namiji sai tsire, wanda a gaskiya sai ranar kasuwa muke jin ƙamshinsa daga nesa. Albasa kaɗai muka yafe wa, don kan tsire ake yanka ta.

Matsalata ita ce kakata. Ita ke yin kwaɗon zogale tana sayarwa a cikin gida, da ƙuliƙuli da tumatir da yaji, kuma duk duniya ba abin da nake so kamarsa. Sai na koma ci a bayan rumbu, in kuskure baki sau uku, in sa tsinke in bi haƙora, sannan in fito ina tafiyar maza.

Ran nan bayan la'asar muna zaune, sai ga ta da kwano cike, ta miƙo mini a gaban kowa. Jagoranmu, wani dogo mai gemu ƙwaya huɗu, ya kafe ni da ido.

Na ce, "Kaka, ni ban cin abincin awaki."

Na ga maganar ta soke ta. Sai ta ajiye kwanon a tsakiyarmu, ta dubi dogon.

"Kai, ba kai ka aiko ƙanwakka kullum ba, a ce a ƙara maka yaji? Kai kuma na gefe, wanda ba shi son tumatir, jiya mi kac ci? To ga shi, awakina, ku taho."

Ashe duk mu shida a kwano ɗaya muke kiwo, kowa da bayan rumbunsa. Ba wanda ya dubi wani. Dogon ne ya fara wanke hannu.

Ni kuwa da na kai nawa, ta riƙe shi.

"Banda kai. Su ɓoyewa sunka yi. Kai ka hwaɗi."

Kwana uku ta hana ni, ina zaune ina kallon su suna lashe yatsu. Ta rasu da daɗewa, kuma ban taɓa ba ta haƙuri da baki ba. Har yau in an ajiye mini zogale, kunya nake fara ji kafin yunwa.