Ɗigon Fentin da Mai Ƙwai Ta Goge

Duk wanda ya san Mai Ƙwai ya san ba ta makara, kuma ba ta iya ganin datti ta wuce. Ƙwai take sarowa daga gonakin kaji na bayan gari tana raba wa kantuna, amma kiret ba ya barin hannunta sai ta bi ƙwan ɗaya bayan ɗaya da busasshen tsumma. Mijinta, wanda ciwon baya ya zaunar a gida, yakan ce da za a ƙyale ta har kajin sai ta yi wa wanka. Ba ta dariya, don ita ba ta ga abin wasa a ciki ba.

Babban abokin cinikinta wani gidan burodi ne a bayan tasha. Shi ke ɗaukar fiye da rabin kayanta, da shi take ɗora tukunya, da shi yara ke zuwa makaranta. Mai gidan burodin mutum ne mai sauƙin kai, sharaɗinsa ɗaya tak: ƙwai ya iso kafin ma'aikata su fara kwaɓi. Shekara da shekaru tana cika masa wannan sharaɗi da motar haya, tana faɗa da direbobi a kan kowane rami, har ta gaji ta sa ƙanin mijinta, wanda bakanike ne, ya koya mata tuƙi.

A filin sayar da tsofaffin motoci ta haɗu da dillalin da ta raɗa wa Mai Turare, don ƙamshinsa kan riga shi isowa. Ya zagaya da ita wata farar mota mai faɗin baya yana shafa ta kamar ɗiyarsa.

"Hajiya, wannan ba ta san wahala ba. Wata tsohuwa ce ke zuwa asibiti da ita, shi ke nan aikinta."

Aka daidaita: ta ba da wani abu a hannu, sauran wata-wata. In motar ta sami matsala kafin rabin shekara, garejinsu zai gyara kyauta, muddin wani bakanike na waje bai taɓa ta ba. Ƙanin mijin nata ya ji haushin wannan magana. "Yaya, kina da bakanike a gida, amma kin je kin sa hannu an hana ni riƙe sifana?" Ta ce ya yi haƙuri, kyauta ai kyauta ce.

Ranar hutun farko ta buɗe bonet, sai da ta dafe ƙirji. Baƙin mai, ƙura, har da busasshen ganye. A cikin wannan ƙazantar za ta riƙa ɗauko abin da mutane za su ci? Ta ɗaura zani, ta ɗauko kananzir da soson waya. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne wasu ɗige-ɗigen fenti ruwan ɗorawa a kan kowane noti na injin. Ta yi ta dirza tana tsine wa mai fentin da ba ya kula da aikinsa. Kafin rana ta take, injin yana sheƙi, babu ɗigo ko ɗaya, ita kuma ranta fes.

Ba a rufa wata biyu ba motar ta fara zafi. Wata safiya ta tsaya cak a kan hanyar gona, tururi na tashi, ƙwai cike da baya. Aka jawo ta zuwa garejin masu motar. Babban bakanikensu ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya tafi ya kirawo manaja.

"Hajiya, wa ya kwance injin nan?" in ji manaja.

"Ba wanda ya kwance shi. Ƙanin mijina ma har fushi yake yi da ni don na hana shi taɓawa."

"Au, akwai bakanike a gida ke nan." Ya kalli Mai Turare da ke tsaye a gefe, suka jinjina kai tare. "To ina alamarmu? Kowane noti muna ɗiga masa fenti don mu gane in an juya shi."

"Wannan ƙazantar? Ni na wanke ta."

Manajan ya yi irin murmushin da ake yi wa wanda bai iya ƙarya ba. Ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin wanda ya wanke noti ba. Alama ta tafi, gyaran kyauta ya tafi. Ta ce to ai ba wanda ya gaya mata fentin alama ne. Mai Turare, da bakinsa ba ya hutawa ran ciniki, ya tsunduma cikin wayarsa kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

Daga nan aka shiga wasa da hankali. Ba za su gyara ba sai ta biya. Ba za su sake mata motar ta kai wani wuri ba, don har yanzu ba ta gama zama tata ba. Kuɗin wata kuwa bai san motar tana kwance ba, ranarsa na yi ake bugo waya da murya mai ladabi. Manaja ba ya samuwa sai da safe, daidai lokacin da ya kamata tana gidan burodi. Ta koma motar haya, tana raba kanta biyu, tana makara nan tana makara can. Mai burodi ya yi mata magana sau ɗaya, a hankali. Na biyu agogo kawai ya duba, wannan kuwa ya fi tsorata ta.

Ran da abin ya ishe ta, ta je filin da kananzir da sosonta a jaka. Ta tarar Mai Turare ya buɗe wa wasu mata da miji bonet yana ba su labarin wata tsohuwa mai zuwa asibiti. Ta naɗe hannun riga ta sunkuya a kan injin ta hau dirza. Kan a farga noti uku sun fito tas.

"Ku duba, na kwance shi?" ta tambayi masu sayen. "To in kun saya kada ku kuskura ku yi tsabta. A nan gidan tsabta laifi ce."

Matar ta ja hannun mijinta suka fice. Manaja ya fito da sauri yana "Hajiya, mu shiga ofis mana." A ofis aka raba asarar: aiki nasu, kayan gyara nata, a ɗora a kan bashin. Ta san an cuce ta, amma ta gaji, ta sa hannu.

Motar ta fito lafiya lau, injin ko tari babu. Washegari ta isa gidan burodi tun ba a kunna tanda ba, sai ta tarar da kiret-kiret jere a bakin ƙofa, ƙwan duk kashin kaji. Mai burodi ya fito yana goge hannu, ya kasa haɗa ido da ita.

"Hajiya, wallahi na jira ki har na fara asarar kwaɓi. Na riga na yi alkawari da wani, na shekara." Ya nuna kiret-kiret ɗin. "Sai dai shi ba shi da mota, a babur yake kawowa, rabi na fashewa. Yana neman wanda zai riƙa ɗauko masa, zai biya kuɗin dako."

Ta daɗe tana kallon ƙwan. Ga maganganu cike da baki, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi. Ga kuma ƙarshen wata ya matso.

"Ƙarfe nawa yake so in je?" ta ce.