Tsaga Uku a Jikin Babur ɗin Baba

A buhu biyu aka dawo mana da babur ɗin mahaifina, kuma wannan ne abin da har yau na kasa yafe wa Baffa. Ƙanen Baba ne, bakanike, yana da rumfa a bakin hanya a Ajingi. Lokacin da ciwo ya kwantar da Baba, shi ya zo ya tura babur ɗin, wai zai duba wata ƙara da yake yi. Baba ya rasu bai sake ganinsa ba. Ranar sadakar arba'in sai ga buhunan a kan amalanke, da gangar jikin babur ɗin tsirara a bisa. A gaban masu gaisuwa Baffa ya ce marigayi manomi ne, bai san ƙarfe ba, shi ya kashe abin da yawan taɓe-taɓe. Ya ce a kira 'yan gwangwan su kwashe, don ba zai ƙara tashi ba.

Maganar ta ƙona mini rai. Mutumin da duk Juma'a sai ya wanke babur ɗin nan kafin ya yi nasa wankan, shi ake cewa ya kashe shi. Na ƙudura a raina sai ya tashi, kuma sai Baffa ya ji tashinsa da kunnensa.

Ni malamin firamare ne, sifana ma ban iya riƙewa ba. Bayan girbi na shimfiɗa tabarma a zaure na zazzage buhunan. Wani abokina bakanike a Gaya yake nuna mini abin da ke bin wani, ni kuma in dawo gida in yi ta fama. Manyan kaya duk suna nan. Ƙananan ne babu: sifirin da ke mayar da ƙafar tayarwa, notuna huɗu, da allurar kafireta haɗe da ɗan gidan da take zama a ciki, wadda ita ke auna man da injin zai sha.

Babur ɗin irin na da ne, mai hayaƙi, an daina kawo kayansa. Masu shaguna a Gaya da sun ji abin da nake nema sai su yi murmushi, su ce in sayi sabo in huta. Na sami sifirin a Kademi ranar kasuwa, a cikin tarkacen wani tsoho. Notuna na harhaɗa nan da can. Allura kuwa har Toranke na je wajen wani da aka ce yana da irin babur ɗin, na tarar ya mayar da tankin mazubin ruwan kaji. Duk sanda na wuce ta gaban rumfar Baffa sai ya ɗaga murya ya tambaye ni ko gawar ta motsa, 'yan majalisarsa su yi dariya. Damina biyu ina shan wannan.

Wata rana ina wanke kayan da kananzir sai na lura da abin da ya kamata in gani tun farko. Baba yana da wata al'ada: duk abin da ya mallaka sai ya yi masa tsaga uku da magagari, fartanya, gatari, har bokitin rijiya. Yakan ce kayansa ma 'yan gida ne, dole su ɗauki tsagar gida. Ashe har notunan babur bai bari ba. Na zauna ina juya ɗaya a tafin hannuna, ina tunanin waɗanda suka ɓace ma suna da tsagar nan, kuma a rumfar Baffa aka kwance babur ɗin.

Na jira bayan la'asar, lokacin da majalisa ke cika. Na gaishe da Baffa har ƙasa, na ce wani ɗan noti nake nema. Bai ko dube ni ba, da ƙafa ya nuna mini tsohon gwangwanin madarar da yake tara ƙananan kaya. Na juye shi a kan buhu, na tsinta a hankali, ina jerawa a gefe. Notuna huɗu. Sai sifirin. A can ƙasa, naɗe a leda, allurar da gidanta. Na miƙa wa wani dattijo maƙwabcinmu da ya sha aron fartanyar Baba, ya kai kusa da ido, ya ga tsaga ukun, ya miƙa wa na gefensa.

Na ce, "Baffa, wannan tsagar ta gidan wa ce?"

Ya ce ajiye su ya yi don kada su ɓace. Babu wanda ya taya shi, babu kuma wanda ya yi dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ban gwada tayar da shi a gida ba. Da na gama haɗawa, turo shi na yi har gaban rumfar. Na buga sau bakwai bai ko yi tari ba, gumi ya jiƙa mini riga. A na takwas ya kama. Na juya wa Baffa bututun salansa, na murɗa mai, hayaƙi ya cika rumfar har mutane suka tashi tsaye.

Baffa bai motsa ba. Ya karkata kai yana saurare, idonsa ya kawo ruwa, ban sani ba ko hayaƙin ne. Ya ce a hankali, "Allurar ta yi sama. Sauke ta mataki ɗaya, haka Yaya yake sa ta."

Gaskiya ya faɗa, abokina na Gaya ma ya tabbatar. Babur ɗin yana shan mai fiye da ƙima, fulogi yana yin baƙi duk mako, rigunana duk warin hayaƙi. Har yau ban sauke ta ba.