Yatsu Takwas na Sista

Har gobe ina tuna ranar da aka kawo mana Ramatu awo, domin tun da na fara aikin ungozoma kaina bai taɓa ɗaurewa kamar a kan cikinta ba. Ku 'yan yanzu da kuke ɗora na'ura a kan ciki ku hango ɗa yana hamma, ku yi dariyarku, na yafe muku.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, amma ana ta zancen tafiyarsu. Ni ƙaramar ungozoma ce a wani ɗakin shan magani na En'e tsakanin Isa da Sabon Birni. Sama da ni akwai Sista, wata Baturiya da ke zuwa rangadi daga Sakkwato in hanya ta bari. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa, don haka ni ce tafinta, da ɗan Turancin da na tsinto a wurin horo. Awo a lokacin ba shi da yawa. A tambayi mace yaushe rabonta da fashin salla, a auna tsawon ciki da hannu, sannan a kafa ɗan ƙahon katako a saurari bugun zuciyar ɗa. An koya mana in ciki ya kai cibiya ya yi wajen wata biyar, in ya taɓo ƙashin ƙirji haihuwa ta matso.

Ramatu amarya ce, cikin fari. An yi bikinta bayan kaka, cikin sanyi, ga shi kuma muna tsakiyar damina. Mijinta Mamman fatake yake bi, yana kai goro da atamfa Faransa, yadda muke kiran Nijar a lokacin, kuma yana can. Uwarsa, Inna Ige, ita ta kawo ta saboda ƙafafun yarinyar sun kumbura. Tsohuwa ce mai son surukarta, har tabarma ta riƙo mata a kai don ruwa.

Sista ta ce in tambayi Ramatu yaushe rabonta da fashin salla. Na tambaya. Ramatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Na sake tambaya, ta ƙara sunkuyar da kai. Ku da ba ku tarar ba, kunyar cikin fari a wurinmu ba wasa ba ce. Mace ba ta yarda ma tana da cikin ba, balle ta ƙirga shi a gaban uwar miji.

Inna Ige ta karɓe zancen. "Malama Kulu, bar wahal da kanki, ni ka lissahi. Wata shidda na. Bayan buki ta yi hwashin salla sau guda, da idona nig gani. Cikin azumi tah hwara amai, ko kunu ba ya zama. Ran da munka hita shuka nig ga ta dahe ciki ta yi tsaye, nis san ya motsa."

Na juya wa Sista. Ta gyaɗa kai, ta kwantar da Ramatu, ta bi cikin da hannu har sama. Sai na ga ta yamutsa fuska. Ta kafa ƙaho, amma ana zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan rufin kwano, ba ta ji abin kirki ba. Ta miƙe ta ce wannan ciki ya yi wata takwas, a fara shiri.

Gabana ya faɗi, domin wata bakwai ke nan da bikin. Ina nan ina neman yadda zan lanƙwasa maganar, sai Sista, baiwar Allah, ta ɗaga yatsu takwas a gaban Inna Ige tana murmushi, a ganinta albishir take yi. Yatsu kuwa ba su bukatar tafinta.

Inna Ige ta dubi yatsun, ta dubi nata tana motsa baki. Ta ce, "Takwas? Takwas ƙaƙa?"

Na faɗa wa Sista abin da ta jawo. Wallahi ta ji ba daɗi, fuskarta ta yi ja. Ta ce ita ba ta san ranar biki ba, abin da hannunta ya ji ta faɗa, kuma za ta sake dubawa a rangadi na gaba. Bayan tafiyarta gulbi ya cika, hanyar mota ta yanke, ba mu sake ganinta ba sai da damina ta wuce.

A ranar kuwa, a bakin ƙofa, Inna Ige ta riƙe hannuna. "Ni ban ce komi ba, ɗiyata. Ga lissahina sai an yanke gero an ɗaure za ta haihu. In ta kai can, Baturiya ta yi kure, in roƙi yarinya gahwara. In ta haihu gero na tsaye, to na ga amsata, kuma Mamman za ya ji daga bakina."

Tun daga nan barci ya ƙaurace mini. In na bi lissafin Inna, komai ya zauna daidai, amai a lokacinsa, motsi a lokacinsa. In na bi hannu kuma, Sista ce da gaskiya, don ni ma na auna, cikin yana can sama. Na je gidansu Ramatu da ƙahona, Inna Ige tana zaune a bakin ɗaki kamar kullum. Na kafa a hagu, na ji bugu. Na koma dama, na sake jin bugu. Na ce to, ko ɗan ne ya juya kafin in zagayo, ko jijiyar uwar nake ji, ko kunnena ne yake mini wasa. Wani tunani ya zo mini, na kore shi. Sista da kanta ba ta faɗi haka ba, kuma in na faɗa ya zamana ba haka ba ne, sai a ce ungozomar En'e ta haɗa baki a rufe ɓarna. Na tambayi Ramatu yadda take ji, ta dubi bango.

Da wata na bakwai ya kama a lissafin Inna, aka kai ta goyon ciki gidan iyayenta a Turba, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari ta haihu a gaban uwarta. Amma ba irin rakiyar da aka saba ba ce. Ba raha, ba dariya, an ɗora ta kan jaki kamar an aike ta.

Wata safiya aka turo mini cewa naƙuda ta tashi. Ina kan hanya ina duban gonaki, gero ya yi kai ya nuna, amma ko kara ɗaya ba a sare ba. Tausayin yarinyar ya kama ni har na yi ƙwalla. Na iske Inna Ige ta riga ni, tana zaune a gindin rumbu, ba ta ko amsa gaisuwa sosai.

Wajen hantsi ɗa ya faɗo, namiji, ya yi kuka. Na ɗaga shi, sai kaina ya ƙara kullewa. Ɗan mitsitsi ne, da ganinsa bai cika watanninsa ba. To me ya cika wannan uban ciki? Na ɗora hannu, na ji cikin bai sauka ba, ga wani abu mai tauri yana gangarowa. Ban san lokacin da na ƙwala kira ba: "Inna Ige! Taho ki riƙa min, akwai wani!"

Tsohuwar nan ta shigo da gudu har tana tuntuɓe da turmi. A hannunta na ajiye Hassan, ni na karɓi Usaini. Ta tsaya da jariri a hannu tana dubansa, ta dubi na biyun, sai ta zube a ƙasa tana kuka. "Shidda na! Ashe ran awo shidda na! Ramatu, ɗiyata, ki yahe min."

Kun ga Inna ta yi daidai a ranar da ciki ya shiga, ta yi kuskure a ranar fitarsa. Sista ta yi kuskure a watanni, amma haihuwar ta zo kusa da lokacin da ta faɗa. Da ta dawo na ba ta labari, ta riƙe kai da hannu biyu, ni ma na taya ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne da yamma. Tsofaffi sun fita ɗora ruwan wanka, ɗaki ya rage daga ni sai Ramatu. A karo na farko na ji muryarta, can ƙasa-ƙasa.

"Malama, ai na san biyu na. Tun da sunka hwara motsi, wanga na shuri nan, wancan na shuri can."

Na ce, "Subhanallahi! Don mi ba ki hwaɗi ba?"

Ta ce, "Gaban Inna? Kullum kinka tambaye ni, tana zaune."

Mun auna, mun saurara, mun ƙirga wata da azumi da shuka, mu uku muna ta juya kai, alhali mai cikin tana kwance a gabanmu da amsar. Shi ya sa har na bar aiki, in mai cikin fari ta shigo, sai in tashi in raka duk wadda ta rako ta waje, ko uwata ce, in ba ta tabarma a inuwa. Sannan in dawo in ja labule, in zauna kusa da yarinyar, in yi shiru har sai ta yi magana.